Adakar Takardun Gidanku, Wa Ke Riƙe Da Ita?

  Yau a wannan shiri maganar tsofaffin takardu za mu yi, irin waɗanda ke jibge a gidajenmu cikin adaka ko gafaka ko tsohon buhu, a ƙarƙashin gadon kaka ko a kan rufin soro, waɗanda kowa a gidan ya san suna nan amma an yi shekaru ba wanda ya buɗe su. Za kuma mu taɓo wuraren da hukuma da jami'o'i suka tanada domin adana irinsu, da yadda gida zai yi hulɗa da waɗannan wurare ba tare da ya yi asarar kayansa ba.

Bari mu fara da gidan da ya riƙe nasa da kyau, don mu ga ribar riƙon. A Sakkwato, gidan Waziri ya gaji ilimi da rubutu tun daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wasiƙun da ke shiga da fita tsakanin Sakkwato da sarakunan Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi da sauransu da yawansu ta hannun Waziri suke bi, saboda haka gidan ya tara abin da ba a samu a ko'ina. Lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, har wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927. Ɗan Waziri Buhari, wato marigayi Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, shi ya rungumi abin da ya rage, ya ƙara a kai, ya karanta, ya yi rubutu da shi, ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike. Murray Last, Baturen da ya rubuta littafin nan kan Daular Sakkwato da aka buga a 1967, a gaban Waziri Junaidu ya zauna, da takardun gidan ya yi aiki. Haka Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana bin sawun rubuce-rubucen Nana Asma'u, har ita da Beverly Mack suka fitar da su a dunƙule a 1997. Waƙoƙin Nana na Fulatanci da Hausa da Larabci da yau ake karantawa a jami'o'in duniya, da yawansu a gidan zuri'arta aka same su. Da a ce wani magaji a tsakiya ya yi sakaci na damina biyu ko uku, da yanzu sai dai mu ji sunan wasu ayyukan nata a bakin tsofaffi.

To amma kada mai sauraro ya ce ai wannan gidan sarauta ne, mu namu gidan ba kowa ba ne. Nan ne kuskuren da ya fi cinye mana takardu. Littattafan manyan malamai irin su Shehu da Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Bello an kwafe su sau da yawa, in kwafi ɗaya ya ɓace akwai wasu a garuruwa daban-daban. Abin da ba shi da na biyu shi ne ƙaramar takardar gidanku. Wasiƙar da kakanku falke ya aiko daga Gwanja yana lissafin kayan goro da sunan wanda ya ba shi bashi. Takardar da alƙali ya rubuta ranar rabon gadon kakar kakarku, da sunayen gonaki da iyakokinsu. Rasiɗin haraji da na jangali. Takardar tafiya Makka ta wanda ya bi ta Fort Lamy da Sudan a ƙasa. Wasiƙar sojan da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu. Katin jam'iyyar NEPU ko NPC, tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, hoton biki da aka rubuta sunaye a bayansa. Har 'yar takardar da malami ya rubuta ranakun haihuwar 'ya'yansa da shekarar da aka yi fari ko annoba. Masu rubuta tarihi sun samu labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da daɗewa. Abin da suke nema ido rufe shi ne yadda talaka ya rayu, nawa ake sayar da buhun gero, wa ya auri wa, daga ina mutanen unguwa kaza suka taso. Wannan kuwa sai a irin adakarku.

Ga wanda yake da irin wannan takarda kusa, ina so bayan shirin nan ya wanke hannu, ya bari ya bushe sarai, ya ɗauki warƙa ɗaya ya ɗaga ta a hankali ta fuskar haske. In tsohuwa ce sosai, mai yiwuwa ya ga layuka sirara a jikinta, ya kuma ga alamar jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami, a cikin jikin takardar, ba da tawada aka zana ba. Wannan takarda daga ƙasar Italiya ta fito, ta ratsa teku zuwa Turabulus ko Masar, ta hau raƙumi ta keto Sahara har kasuwannin ƙasar Hausa da Barno. Masana suna duba wannan alama su ƙiyasta zamanin da aka yi rubutun. Sai ya dubi ƙasan shafin, gefen hagu. Zai ga kalma ɗaya a keɓe. Ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, domin littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wannan kalmar ce ke nuna wace warƙa ke bin wace. Sai ya dubi gefe-gefen rubutun, inda ɗalibi ya sa fassarar kalmar Larabci da ajamin Hausa ko Fulatanci ko Barbarci lokacin da malaminsa ke ba shi karatu. Waɗannan ƙananan rubuce-rubuce na gefe, masu nazarin harshe suna ganin yadda ake Hausa shekaru ɗari ko fiye da suka wuce a cikinsu.

Warƙar da ta fi kowace daraja kuwa ita ce ta ƙarshe. A nan magwafi yakan ce littafi ya cika, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da garinsu, da wanda aka rubuta wa, da ranar da ya gama. In waƙa ce, sau da yawa mawallafi kan ɓoye shekarar cikin ramzi, wato kalmar da in aka haɗa lissafin haruffanta sai ta ba da shekarar Hijira. A lissafin da malamanmu ke bi harafin shinun 1000 ne, ra kuma 200, shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira, zamanin su Shehu da 'ya'yansa, yake ɗauke da waɗannan haruffa biyu. Abin baƙin ciki, warƙar farko da ta ƙarshe su ne a waje, su ke fara shan ƙura da danshi da haƙorin gara. Da zarar sun tafi, littafi ya zama mara suna mara asali, ko da tsakiyarsa tana nan lafiya lau.

Gara da ɓera da ɗigar ɗaki kowa ya san ɓarnarsu. Ni a ganina ranar da ta fi hatsari ga takardun gida ita ce ranar rabon gado. Malam ya rasu, an yi sadakar uku da ta bakwai, an zauna. An ƙiyasta gida da gona da tufafi, sai aka jawo adakar littattafai. Magada goma sha, kowa yana son tabarrukin mahaifinsa, kuma haƙƙinsa ne. Sai a kasa kashi-kashi. Wani lokaci ma littafi ɗaya ake rabawa, wannan ya ɗebi warƙa talatin, wancan ya ɗebi arba'in. Ɗaya ya tafi da nasa Legas, ɗaya ta tafi da nata gidan miji, ƙaramin kuma bai iya karanta warash ba, ya zuba nasa a leda ya cusa a lungu. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Amma abin da malam ya yi shekara hamsin yana tarawa, wanda shi ma ya gada daga nasa uban, ya watse a yini ɗaya, kuma ba zai sake haɗuwa ba. Tarin littattafan mutum guda yana da labarin da littafi ɗaya ba zai bayar ba: me ya karanta, a wurin wa, da su wa yake musayar wasiƙa, wane fanni ya fi ba ƙarfi.

Akwai misali daga Kano da ke nuna wannan. Malam Umaru Falke, malami ne kuma ɗan kasuwa, ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, ya rasu a 1962. Tarin takardunsa, sama da guda 3,000, bai watse ba, yana nan a haɗe, daga littattafan fiƙihu da waƙoƙin yabon Annabi har na magani da hisabi da wasiƙu. Sai dai yana jami'ar Northwestern ne a Amurka. Can an jera shi, an yi masa fihirisa, masana na amfana da shi, kuma dole mu yaba da yadda aka kula da shi. Duk da haka abin yana sosa mini rai, domin ɗalibin Kano da ke son sanin abin da malamin garinsu ya karanta, sai ya nemi hanyar wata ƙasa. Ina so a ce tarin da zai biyo baya ya zauna a haɗe, kuma ya zauna a gida.

Shari'a ta buɗe mana ƙofa a nan. A mazhabar Malikiyya ana yin waƙafin littattafai. Mai su yana iya yin waƙafinsu tun yana da rai, ya rubuta, ya kafa shaidu, ya naɗa wanda zai kula da su, ya ce zuri'a da ɗalibai su amfana amma kada a sayar kada a raba. In bai yi ba har ya rasu, magada baligai suna iya yarda da junansu a bar littattafan wuri ɗaya, ko a yi musu kuɗi mutum ɗaya ya karɓa a cikin rabonsa. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, to a tuntuɓi alƙali ko malamin da ya san gado, kada a ci haƙƙinsu da sunan adana tarihi. Abin da nake roƙo shi ne a yi wannan magana tun dattijo yana raye, yana iya cewa wannan rubutun hannun babana ne, wancan daga Barno aka kawo shi. Bayaninsa na baki rabin darajar takardun ne.

Yanzu ina ake kaiwa? A Kaduna akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, reshen hukumar da Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954, mai riƙe da fayilolin lardunan Arewa da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Kadunan dai akwai Arewa House, a gidan marigayi Sardauna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. A Zariya, sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana da shirin binciken tarihin Arewa da ya fara tattara irin waɗannan takardu tun shekarun 1960. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A Kano akwai hukumar tarihi ta jiha a Gidan Ɗan Hausa da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero. Gidan tarihi na Jos ma yana da nasa tarin. 'Yan uwanmu na Nijar suna da sashen rubutun Larabci da ajami a cibiyar binciken nan ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda tushensa takardun da marigayi Bubu Hama ya tattara ne. A Gana kuma, Jami'ar Legon tana riƙe da kwafin rubuce-rubucen malaman zango, ciki har da na Imam Umaru, haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu yanzu. Mun ji waɗanda suka bayar da takardunsu aro ba a dawo musu da su ba. Mun ji inda aka kai aka jibge, rufi na yoyo, ba wuta, ba mai kula. Wannan ƙorafi ba ƙarya ba ne, kuma ba zan ce da kowa ya rufe ido ya miƙa gadon gidansu ba. Ma'ajiyoyinmu da yawa suna fama da ƙarancin kuɗi da kayan aiki, ko da yake a cikinsu akwai ma'aikata masu kishi da ke aiki da ɗan abin da ke hannunsu. Akwai kuma wani tsoro na daban wanda ba a cika faɗa a fili ba. Kundin malam yana da sirrin da gida ba ya son a gani. Wata takardar tana ambaton bauta, wata tana taɓa rikicin gona ko na sarauta da har yanzu bai mutu ba. Gida yana da haƙƙin ya tsare mutuncinsa.

Sai dai hulɗa da ma'ajiya ba hanya ɗaya gare ta ba. Kuna iya bayarwa kyauta, ta zama tasu. Kuna iya ba da ajiya, mallaka tana hannunku, su nasu tsarewa. Kuna kuma iya cewa a zo a ɗauki hoto a bar muku asalin, kuma wannan ba sabon abu ba ne: yawancin abin da jami'o'in Ibadan da Legon suka tara a shekarun 1960 ta haka aka same shi, a ari littafi wurin malami, a ɗauki hotonsa, a mayar masa. Yau da na'urar ɗaukar hoto ta zamani ba sai littafin ya bar zaurenku ba ma. Kowace kuka zaɓa, a yi ta a rubuce. A ƙirga warƙoƙi a gabanku, a rubuta sunan kowane littafi, jami'in da ya karɓa ya sa hannu da hatimin ofis, ku riƙe kwafinku. A rubuta cewa tarin zai ci gaba da amsa sunan gidanku, ba za a gauraya shi da na wasu ba. A rubuta wane ɓangare kowa zai iya gani, wane ne sai da izininku, wane ne a rufe har shekara kaza. Ku shiga ku ga ɗakin da za a ajiye su da idonku. In jami'i ya ƙi yarda da rubutu, ku ɗauki kayanku ku koma gida. Mutum kuma da ya zo shi kaɗai da jaka yana taya tsofaffin littattafai da kuɗi, ba takarda ba ofis, ku sallame shi da girma.

Abin da ya faru a Tumbuktu ya isa ya nuna cewa gida da hukuma kowa na bukatar ɗan uwansa. Da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, iyalan da ke da ɗakunan karatu na gado, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, su suka riƙa zuba littattafai a akwatunan ƙarfe suna fitar da su a ɓoye, ta mota da ta jirgin ruwa a kogin Kwara, zuwa Bamako. Dubban ɗaruruwa suka tsira ta haka. Waɗanda aka bari a ginin Cibiyar Ahmad Baba kuwa, an ƙone ko an salwantar da kimanin 4,000 a watan Janairun 2013. Mu ma nan mun ga gobara da ambaliya da tashin hankalin da ke raba mutane da garuruwansu cikin dare. Takardar da ke da kwafi ɗaya a wuri ɗaya tana cikin hatsari, ko a gida take ko a ofis.

Kafin ku kai ga ma'ajiya, akwai abin da ke hannunku yau. A ɗaga adakar daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango, a riƙa leƙa ta musamman da damina. A fitar da takardu daga leda, domin leda tana riƙe gumi, takarda ta yi fumfuna ta manne. Farin ƙyalle na auduga, wankakke busasshe, ya fi. Ina roƙonku da babbar murya, kada a kai tsohuwar takarda shagon da ake liƙa mata roba da zafi. Mutane da yawa sun yi haka da kyakkyawar niyya, amma robar ba ta ɓantaruwa sai da rubutun, kuma takardar tana ci gaba da lalacewa a ciki. Haka salatif, bayan 'yan shekaru yana barin tabo ja mai cin tawada. Kada a fesa maganin ƙwari a kan warƙa, kada a shanya ta a rana, kada a lashi yatsa a buɗe shafi, domin wata tawadar da ruwa kaɗan take narkewa. In ta jiƙe, a baje ta a inuwa inda iska ke ratsawa. In kun ga warƙoƙi kamar a hargitse, ku bar su yadda kuka same su har mai sani ya zo. Waɗanda suka ruɓe kuma, na san al'adarmu ce a ƙone ko a binne saboda girmama sunan Allah da ke jiki, niyya ce mai kyau, amma a fara nuna wa wanda ya iya karatunsu, a ɗauki hoto tukuna.

Hoton nan ma matasan gida za su iya. A shimfiɗa takarda a inuwa mai haske, a kashe fitilar waya, a ɗauki kowace warƙa gaba da baya bi da bi, har tadarishi da gafaka. A ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya, kada a bar su a waya guda da za ta iya faɗawa ruwa. Sannan a samu littafin rubutu a zauna da dattijon gida, ko dattijuwa, don sau da yawa iyaye mata ne suka san abin da ke cikin adaka da yadda ya zo, a rubuta abin da suka faɗa a kan kowane ƙunshi. In ba mai karanta ajami a gidan, alaramman unguwa yana nan, kuma abu ne mai kyau a haɗa shi da yaro ɗaya ko yarinya ɗaya daga cikin jikoki su riƙa bin takardun tare har hannun ya zauna musu. Da wannan littafin rubutu da hotunan za ku je ma'ajiya ranar farko, asalin takardun yana gida, ku ji abin da za su ce, ku dawo ku yi shawara da sauran 'yan uwa.